Kwana Goma a Gadon Asibiti, Sai Kuma Me? Abin da Bincike Ya Gano Kan Yaye Masu Shaye-shaye

A shekarar 1935 gwamnatin Amurka ta buɗe wani katafaren asibiti a bayan garin Lexington da ke jihar Kentucky, a kan fili mai faɗin eka dubu, domin aiki ɗaya tak: raba mutane da ƙwaya. Rabinsa asibiti ne, rabinsa gidan yari. Wasu kotu ce ta turo su, wasu kuwa da ƙafarsu suka zo neman taimako. Akwai likitoci da masana halayyar ɗan Adam, ga gona da garken shanu, ga ɗakunan koyon sana'a, har da wurin kiɗa, domin makaɗa da yawa sun kwanta a can. Tunanin da aka gina wurin a kansa shi ne tunanin yawancin iyaye a yau: a ɗauke mutum daga inda yake samun ƙwayar, a bar jikinsa ya tsane, a ciyar da shi, a ba shi abin yi na wasu watanni, zai fito da sabon hali.

Kuɗi bai yi ƙaranci ba, ƙwararru ma haka. Abin da aka daɗe ba a da shi shi ne labarin waɗanda suka fita. Da aka tashi bin sawunsu, a wani bincike da Hunt da Odoroff suka wallafa a 1962 kan mutanen birnin New York kusan 1,900 da aka sallama daga Lexington, sai aka tarar kimanin kashi 90 cikin 100 sun koma ruwa, mafi yawansu ma ba su cika wata shida a waje ba.

Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan, an sauya magunguna, an rage kwanakin kwanciya daga watanni zuwa makonni, an yi gwaje-gwaje a Landan da Dublin da Stockholm da Boston. Tambayar dai ba ta sauya ba: idan an kwantar da mai shaye-shaye a asibiti aka yaye shi daga ƙwaya, me aka samu? Amsar ta dogara ne kan ranar da aka zo ƙidaya.

Abin da ke faruwa a kan gadon

Wanda jikinsa ya saba da hiroyin ko kodin ko tiramadol, idan ya daina, ba ya cika kwana guda sai abin ya motsa. Da hamma ake farawa, hamma a kai a kai, ga hawaye da majina alhali ba mura. Tsikar jiki ta tashi, zufa ta keto ko da sanyi ake yi, baƙin ido ya buɗe. Rana ta biyu zuwa ta uku abin ke kai maƙura: murɗar ciki, amai, gudawa, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace wa ido. Nas za ta zo da takarda mai layuka, ta ƙirga bugun zuciya, ta leƙa idon, ta ce ya miƙe hannuwansa ta ga yadda suke rawa, ta ba kowace alama maki. Jimillar makin ce ke nuna ko a ƙara magani ko a rage. Wannan dabara ta auna zafin yaye da maki ma a Lexington aka faro ta, a hannun wani likita mai suna Clifton Himmelsbach.

Magani iri biyu ne a nan. Ko dai a ba mutum wani ɗan uwan ƙwayar mai daɗewa a jiki, wato metadon ko bufurenofin, ana rage masa kaɗan kaɗan har a kai babu, ko kuma a bi alamomin ɗaya bayan ɗaya: maganin gudawa, maganin amai, na ciwon jiki, ƙarin ruwa idan ya bushe. Cikin mako guda zuwa kwana goma guguwar ta wuce. Mutum ya fara neman abinci, fuska ta ciko, ya yi wanka da kansa, ya tambayi lafiyar mutanen gida. Uwa ta zo dubiya ta gan shi zaune yana hira, ta juya ta ce, "Likita, Allah ya saka da alheri, yaro ya dawo hayyacinsa."

Ba ta yi ƙarya ba, ya dawo ɗin. Sai dai roƙon da 'yan uwa suka fi zuwa da shi, cewa a taimaka a wanke masa jini, ya nuna inda fahimtar ta karkace. Jini ba ya buƙatar wanki. Hanta da ƙoda na gama fitar da ƙwayar cikin 'yan kwanaki ko da ba a yi komai ba. Abin da ke daɗewa shi ne sauyin da shekarun shan suka yi wa ƙwaƙwalwa. Himmelsbach ɗin nan ya lura tun a shekarun 1940 cewa jikin wanda aka yaye yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita sosai. A cikin watannin nan barci ba ya isa, rai na saurin ɓaci, abinci da hira da duk abin da ke faranta wa sauran mutane rai ba su da armashi, ƙishin ƙwayar kuma na zuwa ba sallama. Duk wannan a gida ake yin sa, bayan an biya kuɗin gado an tafi.

A bakin ƙofa, ko bayan wata shida

Idan a ranar sallama aka yi ƙidaya, asibiti na cin jarrabawa da maki mai kyau. A 1986 Michael Gossop da abokan aikinsa a Landan sun kwatanta masu shan hiroyin da aka yaye a gadon asibiti da waɗanda ke zuwa daga gida suna karɓar magani. Kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka kwantar sun kammala yayen, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 17 kacal. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ke kwance a ɗaki mai ƙofa da mai gadi ba ya iya aika yaro bakin kasuwa da ƙarfe biyun dare lokacin da ciki ya murɗa.

Da an matsar da ranar ƙidaya gaba kaɗan, sai hoton ya sauya. A Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, Bobby Smyth da abokansa sun bibiyi mutum 109 da suka fita daga wani sashen yaye na asibiti, suka wallafa sakamakon a 2010: kashi 91 cikin 100 sun koma shan ƙwaya, kuma kashi 59 tun a makon farko suka fara. Tsakanin adadin Lexington da wannan akwai kusan shekara hamsin da kuma teku guda, amma kamar hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Akwai dalilan da suka sa wannan fanni ke wahalar da masu bincike. Hanyar da ta fi inganci wajen gwada magani ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin kada masu ƙwarin niyya su taru a ɓangare ɗaya su ƙawata sakamako. To amma wanda ya zo da jakarsa yana neman gado ba ya yarda ƙuri'a ta mayar da shi gida, wanda ke da shago da iyali kuma ba ya yarda ƙuri'a ta kwantar da shi wata guda. A 2005 masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane sun lalube duniya suna neman gwaje-gwajen da suka kwatanta yaye a gado da yaye a wani wuri daban ga masu shan dangin hiroyin. Ɗaya tak suka samu wanda ya cika sharuɗɗansu. Sannan ga matsalar waɗanda suka ɓace. Cibiyar da ta sallami mutum 100, ta kira waya bayan shekara ta samu 30, 25 daga ciki suka ce lafiya lau, za ta iya buga talla ta ce fiye da kashi 80 na waɗanda ta tuntuɓa sun warke. Sauran 70 ɗin da wayarsu ba ta shiga, ba dacewa ce ta sa ba ta shiga ba.

Waɗanda suka fi biyayya su ne suka mutu

Sakamakon da ya fi girgiza likitocin wannan fanni gajeren rahoto ne, bai kai shafi biyu ba, wanda John Strang da abokan aikinsa suka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2003. Sun bi sawun mutum 137 da suka shiga shirin yaye na kwana 28 a wani asibiti a Landan. Cikin shekara guda biyar sun mutu, uku daga cikinsu saboda ƙwaya ta yi musu yawa, kuma duk ukun a cikin wata huɗu na farko. Da aka duba takardunsu sai aka ga dukansu suna cikin mutum 37 da suka kammala shirin har ƙarshe. Waɗanda suka gudu tun ana tsakiyar yayen, ba ko ɗaya a cikinsu da ya mutu ta wannan hanya.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yadda ƙwayar ke aiki. Dangin hiroyin na rage numfashi. Mai sha kullum jikinsa na sabawa, har ya kai yana haɗiye adadin da zai kashe wanda bai taɓa sha ba. Makonni kaɗan na ƙauracewa sun isa su goge wannan sabo. Sai mutum ya fito, wani ɓacin rai ya same shi, ya nemi tsohon dillalinsa, ya sha daidai abin da ya saba sha a da. Hannu ya tuna adadin, jiki ya manta. Ya yi barci, numfashi ya yi ta ja baya har ya tsaya. Irin wannan ake gani ga waɗanda suka fito daga gidan yari: wani bincike a jihar Washington da aka wallafa a 2007 ya nuna haɗarin mutuwa ta wannan hanya a mako biyun farko bayan saki ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Adadin Strang ƙarami ne, mutum uku ba sa kafa hukunci su kaɗai. Amma a shekarar ce kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji daga Stockholm ta ƙasar Suwidin, wanda shi da ƙuri'a aka yi shi. Johan Kakko da Markus Heilig da abokansu sun ɗauki masu shan hiroyin 40. An bar 20 a kan bufurenofin kullum har shekara guda. Sauran 20 an yaye su cikin kwana shida, daga nan aka ci gaba da ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Duka ɓangarorin biyu sun samu nasiha da zaman rukuni da gwajin fitsari iri ɗaya, kulawar da ba kowace ƙasa ke iya bayarwa ba. Bayan shekara, 15 daga cikin rukunin farko na nan cikin shirin, kuma mafi yawan gwajin fitsarinsu ya fito babu ƙwaya. A rukuni na biyu ba wanda ya rage, duk sun watse tun a watannin farko, huɗu kuma sun mutu.

Wani zai ce ai wannan hiroyin ce, ta fi ƙarfin ƙwayoyin kemis. An gwada wannan ma. A 2011 Roger Weiss ya jagoranci gwaji a cibiyoyi goma a Amurka kan mutum 653 da suka kamu da shan magungunan kashe raɗaɗi da likita ke rubutawa. Da aka yi musu gajeren yaye na makonni huɗu, ƙasa da kashi 7 cikin 100 ne suka tsaya da ƙafarsu. Waɗanda suka faɗi aka mayar da su kan bufurenofin na mako 12, sai kusan rabinsu suka daidaita. Aka sake janye maganin, bayan mako takwas adadin ya rufto ƙasa da kashi 9. Daga baya, a 2020, Sarah Wakeman da abokan aikinta sun tona takardun inshorar lafiya na mutum 40,885, suka jera hanyoyin magani shida, ciki har da kwanciya a gado. Metadon ko bufurenofin ne kaɗai suka zo tare da raguwar shan da ya wuce kima, da kashi 76 a wata uku na farko, da kashi 59 a shekara. Wannan ba gwajin ƙuri'a ba ne, kuma mai yiwuwa waɗanda aka kwantar tun asali sun fi jin jiki, amma ya faɗi daidai inda sauran suka faɗa.

Mutane da yawa, har da wasu likitoci, ba sa son jin wannan. Suna ganin an ɗauke ƙwaya ne an ba da ƙwaya. Ƙorafin ya daɗe, tun tsakiyar shekarun 1960 da Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara ɗora masu shan hiroyin a kan metadon a New York ake yin sa. A ganina ƙorafin bai kalli abin da ke gabansa ba. Mutumin da ke shan adadi ƙayyadadde sau ɗaya a rana a gaban ma'aikacin lafiya, ba ya maye, yana zuwa aiki, bai saci tukunyar gas ta gidansu ba, kuma yana raye, ba a hali ɗaya yake da wanda ke farautar ƙwaya sau huɗu a wuni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu a jerin muhimman magunguna tun 2005.

Inda gado ke ceton rai

Kada a ɗauka wannan na nufin asibiti ba shi da amfani. Akwai kayan mayen da daina su farat ɗaya ke kisa, kuma a nan ne aikin gado ya fi fitowa. Barasa ce kan gaba. Wanda ya shekara yana sha da yawa kullum, idan ya tsaya, rawar hannu da zufa na farawa cikin sa'o'i, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa a kwana biyun farko, sannan a rana ta uku ko ta huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani da gane-gane da zazzaɓi da bugun zuciya, wanda idan ba a kula ba yakan kai ga mutuwa. Haka ma magungunan barci dangin diyazifam da roci, waɗanda sai an bi a hankali ana ragewa na tsawon makonni.

Ko a nan ɗin, bincike ya nuna ba kowa ke buƙatar gado ba. A 1989 Motoi Hayashida ya raba tsofaffin sojoji 164 a Philadelphia, masu matsakaicin zafin yayen barasa, gida biyu ta ƙuri'a. Waɗanda aka kwantar kashi 95 suka kammala, masu zuwa daga gida kashi 72. Kuɗin kwanciya ya haura dala 3,300 kan kowane mutum, na zuwa daga gida bai kai dala 400 ba. Bayan wata shida, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. A 1994 kuma Richard Saitz ya nuna cewa idan nas na auna alamomi tana ba da magani sai an buƙata, maimakon bayarwa bisa agogo, tsawon lokacin shan maganin na saukowa daga sa'a 68 zuwa 9, yawansa kuma daga miligiram 425 zuwa 100, ba tare da ƙarin haɗari ba. Aikin likita ke nan: ya tantance wanda ya taɓa jijjiga, ko mai ciwon hanta ko zuciya, ko mai juna biyu, ko mai haɗa kayan maye iri-iri, ko mai tunanin kashe kansa, ko wanda ba shi da mai kula da shi a gida. Waɗannan su ne masu gado.

Akwai wata hanya da aka yi ta tallatawa ga masu kuɗi, ta sa mutum barci da allurar tiyata a dura masa maganin da ke korar ƙwayar, wai ya farka an gama. Gwajin da aka yi a Jami'ar Columbia kan mutum 106 a 2005 ya nuna ba ta fi sauran hanyoyin ba, uku kuma sun shiga halin da ya kusa cin ransu. A 2012 mutum biyu sun mutu cikin 75 da aka yi wa haka a wani asibiti mai zaman kansa a New York.

Unguwar da ake komawa

Wani likitan Lexington, Abraham Wikler, ya lura da abin da marasa lafiyarsa ke yawan faɗa. Mutum ya yi watanni ba ƙwaya, lafiyarsa ƙalau, amma da zarar ya koma tsohuwar unguwarsu ya ga lungunan da ya saba, sai hamma da majina da tashin zuciya su taso, kamar jiya ya daina. Ƙwaƙwalwa ta haɗa wurin da ƙwayar, ganin ɗaya na kiran ɗayan.

Yaƙin Biyetnam ya ba da damar gwada wannan tunani ba tare da an shirya ba. A 1971 gwamnatin Nixon ta sa a riƙa gwada fitsarin kowane soja kafin ya hau jirgin gida, wanda aka samu da hiroyin a tsare shi 'yan kwanaki a yaye shi. An ɗora wa wata masaniya, Lee Robins, aikin bin sawun waɗanda suka dawo a watan Satumba na shekarar. Kusan ɗaya cikin biyar sun ce sun kamu a can. Kowa ya zaci annoba ce ta taho. Sai ga shi kashi 5 cikin 100 kawai na waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 a cikin shekara uku. Yayen da aka yi musu bai fi na Lexington kyau ba, bai ma kai shi ba. Bambancin shi ne sun baro wurin da suka koyi sha, da tsoron mutuwa, da hiroyin mai arha, a can bayan teku. Mutumin Lexington kuwa, wurin da ya koyi sha shi ne gida.

Tunda ba za a iya sauya wa kowa gari ba, masu bincike sun karkata ga abin da ake miƙa wa mutum a ranar sallama. A Boston, a 2014, Jane Liebschutz ta raba majinyata 139 masu shan dangin hiroyin da aka kwantar saboda wasu cututtuka. Wasu an yi musu yayen kwana biyar an ba su bayanin inda za su nemi taimako. Wasu an fara musu bufurenofin a gado, an ba su na riƙon ƙwarya, an kuma sa musu ranar ganin likita. Kashi 72 na rukuni na biyu sun shiga magani na dogon lokaci, na farko kashi 12. Shekara guda bayan haka Gail D'Onofrio ta samu makamancin wannan a sashen gaggawa na asibitin Yale: kashi 78 na waɗanda aka fara wa magani nan take suna cikin kulawa bayan kwana 30, waɗanda aka ba takardar turawa kawai kashi 37.

Kuma koma ruwa sau ɗaya ko sau biyar ba shi ne ƙarshen labari ba. George Vaillant ya bi sawun mutum 100 daga Lexington har shekara ashirin. Kusan dukansu sun koma sha da farko. A ƙarshe 23 sun mutu, kimanin 25 na ci gaba da sha, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku sun rabu da ƙwaya rabuwa mai ɗorewa. Abin da ya fi raka masu nasarar shi ne aikin yi na kullum da kuma wani da ke sa musu ido na tsawon lokaci a cikin gari, ba yawan kwanakin da suka yi a gado ba.

A ƙasar Hausa

Ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka fitar a farkon 2019, ta ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramadol da kodin, miliyan 2.4 ruwan maganin tari. Kusan miliyan uku abin ya zama musu ciwo, ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan kayan mayen kuma mace ce. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da miliyan guda. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau da sashen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko an haɗa gadajensu duka da ɗakunan nasiha na hukumar NDLEA, ba su kama ƙafar wannan adadi ba.

Giɓin nan ne gidajen mari suka cike. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum ɗaruruwa wasu da sarƙa a ƙafa, da abin da aka gano a Daura makonni kaɗan bayan haka, ya isa shaida kan zaluncin da ke ciki. Amma ko an ajiye maganar zalunci a gefe, gidan mari yaye ne tsagwaronsa, irin wanda binciken nan duka ya nuna ba ya ɗorewa, kuma ba tare da kariyar da asibiti ke bayarwa ba. Matashin da ke haɗa tiramol da roci da diyazifam, aka ɗaure shi aka yanke masa komai a dare ɗaya, yana iya jijjiga ya mutu a wurin. Wanda ya tsira ya fito bayan wata shida kuwa, jikinsa ya manta sabo, mai sayar masa na nan a bakin tasha da irin fakitin nan mai miligiram 225, alhali wanda hukuma ta amince da shi bai wuce 50 ko 100 ba.

Tiramadol na da nasa halin daban. Baya ga aikin dangin hiroyin, yana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Saboda haka kusan ɗaya cikin takwas na masu daina shi ba sa tsayawa a gudawa da ciwon ƙashi: sai firgita, da zargin ana bin su, da gane-gane, da jin abu na tafiya a jiki. A gidajenmu da wuya a kira wannan zafin yaye, iska za a ce. Sannan da yawa daga masu shan sa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan ga-ruwa ne, ko lebura mai haɗa kankare, ko ɗan acaɓa, ko mai noman ƙodago, a Nijeriya da Nijar baki ɗaya, wanda ke sha don ya yi wunin aikin da jiki ba zai ɗauka ba. Idan aka sallame shi ya koma wa kurar ruwan nan da tulin jarkoki, ya koma unguwar Wikler ke nan, kuma ita ce abincinsa.

Mafi yawan gwaje-gwajen da aka ambata a kan hiroyin da ƙwayoyin Amurka aka yi su, ba a kan tiramol da kodin ba, tabar wiwi kuwa har yanzu babu maganin sha da aka amince yana raba mutum da ita, sai nasiha da horon ɗabi'a. Wannan ya sa bincikenmu na gida ya zama dole. Akwai tushe: asibitin Aro da ke Abeokuta na da sashen masu shaye-shaye tun 1983, akwai kuma tsarin da ke tattara bayanan masu shigowa neman magani a cibiyoyi da dama na ƙasar. Ɓangaren fita ne ke buƙatar hannu, kuma ba ya cin kuɗi kamar gini. A karɓi lambar majinyaci da ta mutum biyu daga danginsa da yardarsa, a kira a mako na farko, da wata ɗaya, da uku, da shida, da shekara. A yi gwajin fitsari maimakon dogaro da "lafiya lau". A rubuta wanda ya koma aiki, da wanda aka kama, da wanda ya rasu da abin da ya kashe shi, wanda ba a samu ba kuma a rubuta ba a samu ba. Lee Robins ta gano sama da kashi 90 cikin 100 na sojojin da ta nema, waɗanda suka warwatsu a faɗin Amurka, ta karɓi fitsarinsu, a zamanin da babu wayar hannu.